Alhakin Mai Cewa “Wai”

A cikin ƙananan kalmomin Hausa babu wadda ta kai “wai” santsi. Harafi uku ce tak, amma mutum yana iya ɗora mata magana mai nauyin kayan raƙumi ya yi tafiyarsa. Wai an rage kuɗin taki. Wai za a kawo jirgin ƙasa. In maganar ta tabbata, shi ne ya fara kawo labari, sai a jinjina masa. In ta tashi ƙarya, ai dama wai ya ce. A wajenmu Adar in ka matsa wa mutum da “wa yag gaya maka?” sai ya ce “haka anka ce”, kamar dai wannan “anka” wani dattijo ne mai gida da zaure, wanda za a iya zuwa a yi masa sallama a tambaye shi.

Tambayar da nake so mu tauna a wannan fitowa ita ce: wanda ya ɗauko magana ya kuma faɗi inda ya ɗauko ta, ya fita daga alhakinta ke nan? Tsohuwar tambaya ce, amma Wikipedia ta ɗinka mata sabuwar riga. Yawancinmu mun san wannan kundin sani na intanet da aka buɗe a Janairun 2001, wanda ƴan sa-kai ke rubutawa ba a biyan su ko dala, kuma akwai na Hausa. Wasu cikinmu ma suna taɓa gyara a ciki in rezo ya yarda. Babbar dokar gidan ita ce duk abin da ka rubuta ya zama ana iya bin sawunsa zuwa wani littafi, ko jarida, ko rahoton da aka wallafa, kuma kada ka zuba binciken kanka. Shi ya sa kake ganin ƴar lamba maƙale a ƙarshen jimla, wadda ke kai ka ƙasan shafi inda aka ambaci takardar. In babu ita, wani edita ya zo ya liƙa alamar ana buƙatar hujja, ko ya share jimlar ɗungurungum. To ni a ganina wannan ƴar lamba “wai” ce da ta shiga lakkwal ta sa wando. Kuma babu inda take nuna halinta a ƙasarmu kamar a maƙalolin da suka shafi jirgin ƙasa.

Bari in fara ba dokar haƙƙinta. A kasuwar Buza ko ta Tamaske magana tana tafe da fuskar mai ita. An san wane ɗan wane ne, an san in ya ce ya gani to ya gani, an kuma san wanda in ya ce maka gari ya waye sai ka leƙa waje ka tabbatar. A intanet babu fuska. Mai gyara maƙala yana iya zama farfesa, yana iya zama yaro ɗan shekara 14, yana iya zama ma'aikacin kamfanin da ake rubutu a kansa ya laɓe bayan wani laƙabi. Inda ba a san mutum ba, “na rantse na gani” ba ta sayen komi. Sai aka ce to kowa ya nuna rijiyar da ya ɗebo, mai shakka ya je ya zura gugansa. Wannan hankali ne, kuma da babu shi da kundin ya zama bangon makewayi, kowa da gawayinsa.

A Turai dokar ta zauna daram a kan maganar jiragen ƙasa. Tun da aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a Ingila a 1825 kamfanonin reluwe suke tara takardu: jadawalin tashi da sauka, lissafin kaya, rahoton haɗari. Akwai mutanen da babu abin da ke burge su a duniya sai lambar kan jirgi kaza da ranar da aka rufe tashar ƙauye kaza, suna da mujallunsu da ƙungiyoyinsu, kuma irinsu ne ke cika Wikipedia da maƙalolin tashoshi. Can ƙarfe ne ya riga, takarda ta biyo sawunsa.

Mu nan takarda ce ta riga, ta kuma yi wa ƙarfe nisan da ko ƙurarta ba ya hangowa. Tun ƙarni na 19 Faransawa suke mafarkin layin da zai ratsa Sahara. A kan neman hanyarsa aka kashe Kanar Flatters da yawancin mutanensa a yankin Ahaggar a 1881. A 1941 gwamnatin Vichy ta tono maganar, wai za a haɗa Bahar Rum da kogin Isa, aka shimfiɗa ɗan guntu a can arewa wajen iyakar Maroko da Aljeriya aka tsaya. Daga kudu, layin da ya taso Kwatano ya iso Paraku a tsakiyar shekarun 1930, kilomita 438, ya ƙame a nan. A 1959 aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Watau ƙasarmu ta yi sama da shekara 50 tana da rabo a hukumar jirgin ƙasa ba ta da ko taƙi ɗaya na dogo a cikin iyakarta. Ran 7 ga Afrilun 2014 aka yi bikin buɗe tashar Yamai, shugaba Mahamadou Issoufou da takwarorinsa na Benin da Togo suna wurin, kamfanin Bolloré na Faransa ya kama shimfiɗa layi. A ƙarshen Janairun 2016, ana saura ƴan makonni zaɓe, aka ƙaddamar da Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140. Shari'a ta sarƙe a kotunan Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou, guntun da zai haɗa Doso da Paraku bai samu ba, layin kuma bai zama hanyar da fasinja ke yankar tikiti ko ɗan kasuwa ke loda kaya ba. A Fabrairun 2021 kuma shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano, Katsina, Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Ko faɗin layukan nan bai zo ɗaya ba: na Benin da na Doso mita ɗaya, tsohon na Najeriya milimita 1,067, sabon na Maraɗi 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa na wancan. Amma a taswira dukansu baƙin zare ne iri guda.

Kowane cikin waɗannan ya bar tulin takardu: jawabin minista, sanarwar kamfani, labarin jarida da hoton almakashi da ƙyalle. Duka “hujja” ce a ma'aunin Wikipedia.

Yanzu a ce wani ɗan uwanmu ɗan Madawa, mai kishin a ga Nijar a cikin kundin Hausa, ya zauna ya rubuta: “Layin dogo ya haɗa Yamai da Doso tun shekarar 2016.” Ya maƙala ƴar lambarsa, ta kai ka ga jaridar da ta ba da labarin bikin. Duba jimlar kalma bayan kalma, ba za ka kama ƙarya ba. An shimfiɗa ƙarfen, ya taso nan ya kai can, shekarar ma daidai. Amma yarinyar da ke aikin makaranta a Garhanga in ta karanta, mi za ta ɗauka? Cewa akwai jirgi yana kai da kawowa. Ɗan manomin albasa a kwarin Tarka, wanda ya san yawan buhunan da ke ruɓewa a rudu kafin kamyo ya zo, shi kuma zai fara lissafin saura kilomita nawa abin ya iso ƙofar gidansu. Jaridar ba ta yi ƙarya ba, biki ta gani ta faɗa. Editan ya bi doka sawu da ƙafa. Mai karatu ya tashi da abin da ba haka ba ne a kansa. Wa ya sa masa shi?

Mu da ke karatun kimiyyar harshe muna da sunan wannan ciwo. Masanin falsafar harshe Paul Grice ya raba tsakanin abin da mai magana ya furta da abin da ya sa mai ji ya fahimta. Baƙo ya tare ka da rana tsaka yana neman ruwa, ka ce masa “akwai rijiya bayan masallaci”, alhali ka san ta ƙafe tun bara. Gaban alƙali kana iya dafa littafi ka ce gaskiya ka faɗa, rijiya kam akwai ta. Amma babu dattijon da zai ji labarin ya ce ba ka cuci baƙon nan ba, don ka san abin da yake nema, ka kuma san yadda kunnensa zai ɗauki amsarka. Mai buɗe maƙalar jirgin ƙasa ba auna tsawon ƙarfe ya zo yi ba, so yake ya san ko ana tafiya.

Akwai wani tarko kuma da nahawunmu da kansa ke ɗana mana. “An rattaba hannu.” “An aza harsashi.” “An ƙaddamar.” Dukansu da “an” suka fara, lokacin da ke nuna aiki ya kammala. Kunnen Bahaushe yana jin “an” ya kwantar da hankali, abu ya yi. Alhali abin da ya kammala shi ne sa hannu, ko ɗora bulo guda, ko yanka ƙyalle. Masu rubuta jawabin hukuma sun san wannan sarai, da shi suke cin abinci. A darasi an nuna mana harsuna irin Turkanci da Kecuwa na Kudancin Amurka, inda nahawu ke sa mai ba da labari ya nuna ko da idonsa ya gani ko ji ya yi. Alamar tana jikin kalma, ba ya tsallake ta cikin sauƙi. Hausa ba ta tilasta mana haka. Ta ba mu “wai”, da “an ce”, da “in ji wane”, da “ashe”, ta ce in ka so ka sa, in ka so ka bari. Tun da kuwa zaɓi ne, sa su da barin su aiki ne na mutum, kuma aikin da mutum ya zaɓa ana tambayarsa a kai. Ita “wai” ɗin ma fuska biyu gare ta, kowa ya sani: akwai ta isar da saƙo, akwai ta taɓe baki, irin ta “wai shi malami”. A baka, murya da ido ke nuna wadda kake nufi. Ƴar lambar Wikipedia ba ta da murya. Ko a ƙarƙashin rahoton injiniya take ko a ƙarƙashin alkawarin ɗan takara, kamanninta ɗaya, kuma mai karatu yana ganinta ya ce an tabbatar.

Fassara tana ƙara dagula ruwan. Maƙaloli da yawa na Hausa juyo su ake yi daga Ingilishi ko Faransanci. Ɗan jaridar Faransanci in yana son ya ja da baya daga magana sai ya karkata aikatau ya ce devrait ko serait, wanda shi ne “wai” ɗinsu. Mai fassara cikin gaggawa, ko injin fassara, ya mai da shi “zai”. Bayan shekara uku wani mai gyara ya ga ai lokacin da aka ɗiba ya wuce, ya mai da “zai haɗa” ta koma “ya haɗa”, da kyakkyawar niyya, wai yana sabunta maƙala. Ƴar lambar tana nan inda take ba ta motsa ba. Daga nan wani ɗan jarida mai sauri ya kwafa daga Wikipedia ya buga, wani edita ya ɗauki labarin nasa ya kafa hujja da shi. Wai ta haifi wai, ta dawo ta auri jikanta.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa a zaman shayi. Mutumin nan kyauta yake yi, da kuɗin katinsa, da cajin salularsa. Ba a ɗora masa zuwa Doso ya duba ƙarfe ba, dokar ma ta hana shi rubuta abin da ya gano da kansa. Ɗan aike ne, ɗan aike kuwa ba shi da laifi. In akwai ƙarya a tuhumi wanda ya buga ta. Maganar tana da ƙafa, amma gurguwa ce. Ɗan aike ba shi ke zaɓar saƙon da zai kai ba, ba shi ke tsara kalmominsa ba. Editan Wikipedia kuwa shi ya ga takardu goma ya ɗauki ɗaya, shi ya ga sakin layi ya tsamo jimla, shi ya zaɓi “ya haɗa” ya bar “an yi bikin”. Ya fi kama da dillali. Je ka kasuwar albasa a Madawa ka ga dillalin da ya ce wa baƙon ɗan kasuwa “mai shi ya ce buhun duka ƙwarai ne”, alhali shi ya ji warin ruɓa daga ƙasan buhun. In kaya suka isa Abijan ko Kumasi aka zazzage, ba manomin za a fara nema ba. Kasuwa ba ta karɓar “ai cewa na yi ya ce”. Batun kyauta kuwa, wanda ya haƙa rijiya sadaka ya bar ta ba baki, yaro ya faɗa, ba a ce masa ai ba kuɗi ya karɓa ba. Aikin gayya ma in ka yi huɗa karkatacciya mai gona yana da bakin magana.

Malamanmu na hadisi sun riga kowa shiga wannan daji. Su ma sun ce a faɗi daga wa aka ji, shi kuma daga wa, har tushe; shi ne isnadi. Amma ba su tsaya nan ba, kuma abin da ya sa aikinsu ya yi ƙarko ke nan. Sun kafa ilimi guda na auna masu ruwaya: wane mai gaskiya ne amma haddarsa ta yi rauni da tsufa, wane bai taɓa haɗuwa da wanda yake cewa ya ji daga bakinsa ba, wane yana ɓoye sunan wanda ya gaya masa. Suka raba ingantacce da kyakkyawa da mai rauni da ƙagagge. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai kawo ruwayar shi ma zobe ne a cikin sarƙar, ana auna shi kamar yadda ake auna na gabansa. Ambaton malaminka ba ya fitar da kai daga layi, sa ka yake a ciki.

Hausar boko tana da kalma biyu da ake musanyawa a wannan fage, kuma a ganina ba ɗaya suke ba. Akwai “majiya” (ba kwarin Majiya na ƙasar Buza nake nufi ba, kada ƴan can su tashi), daga “ji”: inda ka jiyo. Akwai “madogara”, daga “dogara”: abin da ka jingina nauyinka a kai, in ya karye da kai zai faɗi. Mai cewa “majiyata” yana iya tsayawa gefe. Mai cewa “madogarata” ya riga ya sa jikinsa. Kuma kafin mutum ya jingina da sanda yakan duba nauyin da za ta iya ɗauka. Kowace takarda shaida ce a kan abin da mai ita yake iya gani, ba fiye ba. Jaridar ranar biki shaida ce a kan biki. Jawabin minista shaida ne a kan abin da minista ya ce yana nufin yi. Sanarwar kamfani shaida ce a kan abin da kamfani ke so a ji. Babu ɗaya cikinsu da ta ga jirgi yana ɗaukar fasinja bayan wata shida, don ranar da aka rubuta su wata shidan bai zo ba. Saboda haka ɗan uwanmu na Madawa yana da mafita ba tare da ya taka doka ba: ya rage jimlarsa ta dawo daidai da idon shaidarsa. “An yi bikin ƙaddamar da layin a Janairun 2016.” “Gwamnati ta ce layin zai kai wuri kaza.” Sannan ya ƙara wahala ya nemo rahotannin baya, waɗanda suka koma suka duba, don akwai su. Jimlar za ta rage ƙyalli, kishin ƙasa ba zai ji daɗinta ba. Amma kishi na biyu ya fi wannan nauyi a wurina: in masu karatun Hausa na farko suka kama kundin da zuƙi a kan abin da idonsu ke gani, cewa za su yi dama rubutun Hausa ba abin dogaro ba ne, su koma Faransanci. Mun sha jin wannan magana, bai kamata mu ba ta abinci ba.

Akwai ɗaya ɓarin, wanda ya fi ci mini rai. Takarda ta cika da jirgin da bai zo ba, ta kuma yi shiru kan wanda mutanenmu suka hau. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Ga mutumin Madawa ko Bangi, jirgin ƙasa mafi kusa a Najeriya yake, bayan iyakar da Turawa suka ja. Gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano take bi ta hau tarago, har Faransawa suka ƙirƙiro tsarin da suka kira Hirondelle a shekarun 1950 don su karkatar da ita ta Paraku da Kwatano. Adar kuwa ƙasar cin rani ce tun kaka da kakanni, kuma a zaurukanmu akwai tsofaffin da in ka zauna da su za su ba ka labarin ranar da suka fara ganin jirgi, da yadda ƙafafunsu suka yi sanyi da ya yi kuka. Harshe ma ya ajiye shaida. A Keita babu dogo, amma akwai “tasha”, akwai “tikiti”, akwai “reluwe” a bakin waɗanda suka yi yawon kudu. Kalmomin Ingilishi ne da bakin Hausa ya tauna, suka ƙetaro ƙasar da Faransanci ke mulki. Kalmomin sun iso, ƙarfen bai iso ba. Wannan shi ne tarihin jirgin ƙasa na Adar, kuma kusan dukansa a baka yake. Kwatanta da aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO: shi yana da rahotanni jibgi, don inda kuɗin waje suka sauka nan takarda ke tsirowa.

A nan ne shaiɗan ke zuwa wa edita mai kishi ta ƙofar alheri. Ya san labarin kakansa gaskiya ne. Ya san in ya rubuta shi tsirara za a share. Sai zuciya ta ce masa: rubuta, ka maƙala sunan wani littafin tarihi da ya yi magana kusa da haka, wa zai je ya buɗe shafin? Ni dai a nan na tsaya da ƙafa biyu: bai halatta ba, ko da labarin gaskiya ne tsantsa. Wancan na farko ya ɗora wa sanda nauyin da ya fi ƙarfinta. Wannan ya zana sanda a bango ya ce a jingina. Ya sa marubucin littafin ya faɗi abin da bai faɗa ba, ya ƙwace wa kakan nasa maganarsa ya ba wani, ya kuma lalata abu guda da ya sa baƙi biyu da ba su san juna ba suke iya yarda da shafi ɗaya. Malaman hadisi sun san masu ƙaga isnadi don su jawo mutane ga alheri, kuma kyakkyawar niyyar ba ta sa sun karɓi ruwayarsu ba.

Wannan ba ya nufin dokar ta yi mana adalci. Ba ta yi ba. Maganar tsoho a zaure ba hujja ba ce, amma in farfesa ya zauna gabansa ya rubuta ta aka buga, ta zama hujja, alhali bakin guda ne. (Abin dariya ma, hoton da ka ɗauka da salularka ana karɓa a ɗora a maƙala, amma abin da idonka ya gani ba a karɓa. Gani ya kori ji, in dai na'ura ce ta gani.) A 2011 wani Ba'indiye, Achal Prabhala, ya yi gwajin kafa hujja da hirar baka a Wikipedia ta wasu harsunan Indiya da Afirka ta Kudu, har aka yi fim a kai, amma babbar dokar ba ta sauya ba. Sai dai in an duba da kyau, abin da farfesan ya ƙara ba tsarki ba ne. Ya rubuta sunan mai magana, da garinsu, da ranar hira, ya gwama da bakin wasu, ya sa sunansa a bangon littafi inda za a iya kama shi. Haka Djibo Hamani ya yi da tarihin Adar kafin zuwan Turawa, haka Nicole Echard ta yi da manoman Adar, littattafan biyu suka fito a 1975 a Yamai. Don irin wannan aiki aka kafa cibiyar CELHTO ta tattara tarihin baka, ga kuma IRSH. Hanyar tana da tsawo amma a buɗe take, kuma mu ɗaliban harshe da tarihi mu ne a bakinta. Kowace shekara ana rubuta memuwar kan sautukan Adaranci da karin magana; da wuya ka ji wanda ya ɗauki rakoda ya bi tsofaffin ƴan cin rani na Ibohaman ko Sabon Gida ya tambaye su ta ina suka bi, nawa suka biya, a wace tasha suka sauka. Su kuwa ba jiranmu suke ba, kowace damina ana rage su.

Kafin nan, mai son gyara maƙalar Madawa a yau yana da abin rubutawa a sashen sufuri. Babbar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso Yamai ta bi Doso da Ƙonni ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta ratsa garin. Wata hanya ta balle ta yi arewa ta Buza da Keita zuwa Tawa. Waɗannan suna cikin taswira, hujjarsu ba ta da wuya. Jimlar da za ta ba shi wahala ita ce mafi sauƙi duka, wadda ko yaron da ke tallar ruwa a tasha ya sani: babu jirgin ƙasa a Madawa. In wani edita daga wata duniya ya liƙa mata alamar ana buƙatar hujja, sai an sha nema, don ba a kiran ƴan jarida bikin abin da babu.